Tsadar sauya rufin gida a Masarautar Daura

Sauya rufin gida shi ne cire tsohon rufi, gaba ɗayansa ko wani sashe nasa, a ɗora sabo a kan ginin da yake tsaye. A Masarautar Daura da ke arewacin Jihar Katsina, wannan aiki yana cikin manyan hidimomin da magidanci ke yi wa gidansa bayan ginin farko. Kuɗin aikin ya danganta da irin rufin da za a yi, da girmansa da siffarsa, da ingancin kwano da katako, da halin da bango yake ciki, da kuɗin dako, da ladan ma'aikata, da kuma lokacin da aka yi aikin a cikin shekara.

Yawancin masu gida suna fara lissafi ne da kuɗin kwano, domin shi ne abin da ido yake gani. Amma sau da yawa abin da ke ƙarƙashin kwanon, wato katako da kan bango, shi ne yake sa kuɗin da aka kashe ya zarce wanda aka tanada. Haka kuma rufin da ya fi araha ranar saye ba lallai ne ya zama mafi araha ba idan aka haɗa da kuɗin gyaransa na shekaru.

Yanayin ƙasar Daura

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango. Tana iyaka da Jamhuriyar Nijar ta arewa, kuma tana makwabtaka da Jihar Jigawa. Ƙasa ce mai rairayi da ƙarancin manyan itatuwa. Damina gajeriya ce, tana kamawa daga wajajen watan Yuni zuwa Satumba, kuma ruwa ya fi yawa a watan Agusta. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos.

Wannan yanayi yana yi wa rufi illa ta hanya uku. Ta farko ita ce iska mai ƙarfi da ke zuwa gaban hadari a farkon damina, galibi daga gabas, wadda ke yaye kwanon da bai ɗauru da kyau ba. Ta biyu ita ce marka, wato ruwan da ke daɗewa yana zuba, wanda ke jiƙa rufin ƙasa har ya yi nauyi ya rufta. Ta uku ita ce gara, wadda ke cin katako da itace daga ciki ba tare da an lura ba. Duk wani lissafin sauya rufi a yankin yana komawa ne ga waɗannan abubuwa uku.

Ire-iren rufi

Jinka. Ita ce rufin ciyawa da ake yi wa ɗakin kago da rumbu. Ana haɗa tsaiko da kara ko sanduna, a lulluɓe shi da shuci, a ɗaure da igiyar kaba ko ta rama. Kayan aikinta na gida ne, shi ya sa ta fi kowane rufi sauƙin kuɗi. Tana da sanyi, amma ba ta wuce 'yan shekaru sai ta zama bunu, ga kuma haɗarin gobara lokacin hunturu. Ƙaruwar gonaki da raguwar makiyaya sun sa ciyawar da a da ake yanka kyauta ta koma abin saye a wurare da dama.

Soro. Shi ne rufin ƙasa na gargajiya. Ana jera azara a kan bango, a shimfiɗa zana ko kara a kanta, sannan a zuba kwaɓaɓɓiyar ƙasa a daɓe. Ana kewaye rufin da ɗan gajeren bango da ake kira rawani, a sa indararo domin fitar da ruwa nesa da jikin gini. Azara ba ta iya tsallake faɗin da ya wuce kimanin mita 2 ba tare da matokari ba. Saboda haka idan ɗaki yana da faɗi, sai magina su yi bakan gizo ko ɗaurin guga, wato baka da ake ginawa da azara da ƙasa domin ta ɗauki nauyin rufin. Ana ganin irin wannan aiki a tsofaffin fadoji da masallatai na ƙasar Hausa, ciki har da tsohon ɓangaren fadar Sarkin Daura.

Kwano. Shi ne rufin da ya fi yaɗuwa a yau, a birni da ƙauye. Ƙarfe ne marar kauri da aka shafe da tutiya domin kada ya yi tsatsa da wuri. Ana sayar da shi bandir-bandir, kowane bandir falle 20 ne.

Alminiyam da kwano mai tsakuwa. Alminiyam ba ya tsatsa, kuma ana yanka shi a masana'anta daidai da tsawon rufin, don haka haɗinsa kaɗan ne. Ana sayar da shi ne da awon murabba'in mita. Akwai kuma kwanon da aka manna wa ƙananan tsakuwa mai launi, wanda ya fi su duka tsada kuma yana cin katako da yawa.

Kankare. Magina suna kiransa dekin. Yana buƙatar siminti da rodi da tsakuwa da yashi da katakon tokara. Bangon ƙasa ba ya ɗaukarsa, don haka ba a cika yin sa a matsayin sauyi ba sai idan za a ɗora bene.

Girman rufi da siffarsa

Faɗin rufi ya fi faɗin ginin da ke ƙarƙashinsa. Dalili shi ne rufi yana zarce bango domin ya kare shi daga ruwa, sannan yana da gangare. Misali, gini mai tsawon mita 10 da faɗin mita 8 yana da murabba'in mita 80. Idan rufin ya zarce bango da rabin mita ta kowane ɓangare, ya zama mita 11 sau 9, wato murabba'in mita 99. Idan gangaren digiri 15 ne, kwanon da ake buƙata zai kai kimanin murabba'in mita 103. Idan digiri 30 ne zai kai 114, idan kuwa digiri 45 ne zai kai 140.

Idan aka ɗauka cewa kowane falle yana rufe kimanin murabba'in mita ɗaya bayan an cire inda fallaye ke hawa kan juna, rufin farko zai ci bandir 5 da 'yan fallaye, na ƙarshe kuma bandir 7. Ke nan gini ɗaya ne, amma tsayin rufin kaɗai ya ƙara fiye da kashi ɗaya bisa uku na kwano, ban da ƙarin katako da ƙusa da lada. Dogon rufi da ake yayi a sababbin unguwanni ya fi dacewa da wuraren da ake yawan ruwa. A yanki kamar Daura, inda ruwa bai kai ƙarfin iska zama matsala ba, amfaninsa shi ne ado da rage zafi kaɗan.

Siffa ma tana da tasiri. Rufi mai gangare ɗaya ko biyu ba ya ɓarnar kwano. Rufi mai kusurwoyi da yawa kuwa sai an yi ta yanka fallaye a karkace, gutsattsarin su tafi a banza, kuma kowace mahaɗa tana buƙatar magudanar ruwa. Wasu suna ɓoye kwano a bayan rawanin bulo, kamar yadda ake yi wa soro. Wannan yana kare kwanon daga iska, amma yana ƙara kuɗin bulo da siminti, kuma idan magudanar ta toshe da ganye ko leda ruwa yakan koma cikin ɗaki.

Kaurin kwano da ingancinsa

Ana auna kaurin kwano da milimita, kuma bambancin da ido ba ya gani yana iya zama babba a farashi. A kasuwa ana samun alminiyam mai kauri 0.40 da 0.45 da 0.55, kwanon tutiya kuma bai kai haka kauri ba. Kwano marar kauri yana saurin yagewa a wurin ƙusa idan iska ta girgiza shi, yana lotsawa idan an taka shi, kuma yana saurin tsatsa. Hukumar SON, mai kula da ingancin kayayyaki a Najeriya, ita ce ke da alhakin ƙayyade mafi ƙarancin kauri, kuma ta sha gargaɗi game da kwanon da bai cika ƙa'ida ba. Wata matsala da masu saye ke fuskanta ita ce kaurin da aka faɗa musu ya saɓa da na zahiri. Ana tabbatar da kauri ne da ƙaramin ma'auni na musamman, wasu kuma suna kwatanta nauyin bandir da bandir.

Ƙananan kaya ma suna shiga lissafi: ƙusar kwano mai hula, da robar da ke hana yoyo a ƙarƙashinta, da ƙusar katako, da kwanon da ake kifawa a kan tozon rufi. Rage yawan ƙusa ba ya rage kuɗi sosai, amma yana cikin manyan dalilan da ke sa iska ta kwashe rufi.

Katako da azara

Ƙasar Daura ba ta da dajin da ake yanka katako. Katakon rufi yana fitowa ne daga dazuzzukan kudancin Najeriya da wasu sassan tsakiyarta, ya biyo ta manyan kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano kafin ya iso hannun 'yan kasuwar gari. Ana sayar da shi da awon inci, kamar 2 da 2, 2 da 3, da 2 da 4, tsawonsa galibi ƙafa 12. Farashi ya danganta da irin icen. Katako mai tauri ya fi tsada kuma ya fi jure gara, fari marar nauyi kuma ya fi araha. Ɗanyen katako yana lanƙwashewa idan ya bushe a kan gini, sai ƙusa ta saki.

Ana shafa wa katako maganin gara kafin a ɗora shi, wasu kuma suna amfani da baƙin man mota domin sauƙin kuɗi. A ƙauyuka akan maye gurbin katako da sandunan darbejiya ko na turare, itatuwan da aka yawaita dasawa a arewacin Katsina domin yaƙi da kwararowar hamada. Masu hali kuma sun fara komawa ga ƙarfe, wanda gara ba ta ci, amma yana buƙatar mai walda da wutar lantarki ko janareta.

Azara kuwa ana tsaga ta ne daga gangar giginya, kuma magina sun fi son ta namijin giginya saboda taurinta. Gara ba ta cika cin azara mai kyau ba, shi ya sa ake cire ta daga tsohon gini a sake amfani da ita. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma ta yi ƙaranci a arewacin ƙasar Hausa. Ko a Nijar, inda akwai babban dajin giginya a Dallol Mawuri ta yankin Gaya, hukuma ce ke tsara yadda ake saranta. Ƙarancin azara yana cikin dalilan da suka sa sabunta soro ya daina zama aiki mai araha kamar da.

Halin bango da tsohon rufi

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi wuyar ƙiyastawa, domin ba a ganin ɓarnar sai an buɗe. Idan kwano kaɗai ya lalace, katakon yana nan da ƙarfinsa, aikin ba ya wuce cire fallaye a buga sababbi. Idan gara ta shiga katakon, to sabon rufi ne gaba ɗaya. Idan yoyo ya daɗe yana sauka a kan bango, sai an rushe saman bangon an sake gina shi.

Mayar da soro zuwa kwano yana da nasa ƙarin kuɗi. Sai an sauke ƙasar rufin, wadda ke da nauyi ƙwarai, an kwashe ta daga gidan. Sannan sai an ɗaga bango ta gefe ɗaya domin a samu gangare. Abu mafi muhimmanci shi ne ɗaure rufin da bango. Soro nauyinsa ne ke riƙe shi, kwano kuwa ba shi da nauyi, iska tana iya ɗaga shi da katakonsa baki ɗaya. Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa, don haka akan jera bulo a samansa, ko a binne waya ko langa-langa a cikin ginin a ɗaure katakon da ita. Duwatsu da bulo da ake gani a kan kwanon wasu gidaje alama ce ta cewa ba a yi wannan ɗauri yadda ya kamata ba, kuma suna iya faɗowa kan mutane idan iska ta taso.

Wasu tsofaffin gine-gine, musamman na gwamnati, an rufa su ne ko an yi musu silin da asbesto. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa shaƙar ƙurarsa na haddasa cutar daji da ciwon huhu. Cire shi yana buƙatar a jiƙa shi, a guji fasa shi, ma'aikata kuma su rufe hanci da baki, abin da ke ƙara lokaci da kuɗi. A ɗaya ɓangaren, tsohon kwano da azara suna da kasuwa. Akan yi danga ko rumfar dabbobi da tsohon kwano, ko a sayar wa 'yan gwangwan, a rage wani abu daga kuɗin aikin.

Silin da zafi

Rufin ƙasa yana tare zafin rana da kaurinsa, kwano kuwa yana sakin zafin kai tsaye cikin ɗaki. Wanda ya sauya soro da kwano ba tare da silin ba yakan tarar ɗakin ba ya zaunuwa da rana a lokacin bazara, ga sanyi da dare a lokacin hunturu, ga ƙara idan ana ruwa. Saboda haka silin ɓangare ne na kuɗin sauyi, ko da an jinkirta shi. Akwai na kwali, da na roba, da na farar ƙasa da ake kira fi'ofi, kuma kowanne yana buƙatar nasa katakon. Masu ƙaramin ƙarfi suna yin silin da tabarma ko buhu ko zana. Akwai kuma masu barin soron yadda yake su ɗora kwano a samansa, su samu sanyin ƙasa da kariyar kwano tare, muddin azarar tana da ƙarfi.

Dako da canjin kuɗi

Kusan duk kayan rufin zamani daga nesa suke zuwa Daura. Kano, wadda ke da nisan fiye da kilomita 100 ta hanyar Kazaure, ita ce babbar cibiyar sari, inda kasuwar Ƙofar Ruwa ta yi fice wajen kayan gini. Kuɗin dako yana bin farashin mai. A shekarar 2022 farashin man dizal, wanda manyan motoci ke sha, ya ninka fiye da sau biyu a Najeriya. Bayan sanarwar cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki.

Darajar naira ma tana da hannu. Masana'antun kwano na cikin gida sun dogara da ƙarfe da alminiyam da ake shigowa da su daga waje, domin kamfanin ƙarfe na Ajaokuta bai taɓa kammaluwa ba, na narkar da alminiyam da ke Ikot Abasi kuma ya daɗe ba ya aiki. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar Amurka da take kimanin naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. Farashin kwano ya bi sahu, har ya zama ƙiyasin da kafinta ya rubuta ba ya daɗewa bai tsufa ba.

Kasancewar masarautar a bakin iyaka ya sa kasuwarta tana haɗe da ta Damagaram ta mashigar Kwangwalam a Mai'adua da ta Babban Mutum a Baure. Canjin naira da sefa da kuma rufe iyaka, kamar wanda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, suna taɓa cinikin yankin, musamman na dabbobi, waɗanda manoma da dama ke sayarwa su yi hidimar gini.

A cikin masarautar kanta akwai bambanci. Gidan da ke bakin titi mota ce ke sauke masa kaya a ƙofa. Gidan da ke cikin lungun tsohon gari sai an yi dako da kura ko a ka, ƙauyen da ke cikin rairayi kuma sai da amalanke.

Ladan ma'aikata

Aikin kwano na kafinta ne da yaransa, na bango kuma na birkila ko magini. Ana biyansu ta hanya biyu: jinga, inda ake yanke kuɗin aikin gaba ɗaya, ko lada na kullum. Wasu kafintoci suna lissafin jinga da yawan bandir. Jinga tana sa mai gida ya san iyakar abin da zai biya, amma saɓani yakan taso idan aka buɗe rufi aka tarar da ɓarnar da ba ta cikin yarjejeniya. Dogon rufi da na bene sun fi tsada saboda wahala da haɗarin faɗowa.

Ginin gargajiya sana'a ce ta gado, kuma a biranen Hausa Sarkin Magina ne shugaban masu yin ta. Da yake matasa sun fi karkata ga aikin bulo da siminti, maginan da suka iya bakan gizo sun ragu. A ƙauyuka har yanzu ana yin gayya wajen ɗora jinka ko zuba ƙasar soro, inda mai gida ke ciyar da 'yan'uwa da maƙwabta maimakon biyan kuɗi.

Lokacin aiki

Rani ne lokacin da ya dace da sauya rufi, domin ana iya barin ɗaki a buɗe kwana da kwanaki, kuma ƙasar soro tana samun bushewa. Bayan kaka ne manomi yake da amfanin gona a hannu. Yayin da damina ta gabato buƙata tana ƙaruwa, kafintoci su yi wuyar samu, da zarar an yi shuka kuma leburori su koma gona. Wanda iska ta yaye wa rufi a watan Yuni ba shi da zaɓin jira ko taya farashi, kuma idan ɓarnar ta shafi unguwa guda, kowa yana neman kwano da kafinta a rana ɗaya. Hukumar bayar da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da takwararta ta jiha sukan raba kwano da ƙusa da siminti bayan irin wannan iftila'i, amma tallafin ba ya isar kowa.

Kuɗin kulawa

Kowane rufi yana da hidimar da yake nema bayan an gama shi. Soro yana buƙatar a duba shi kowace shekara kafin damina, a toshe tsaga, a share indararo, a sabunta yaɓe. A gargajiyance ana kare shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara. Raguwar marina da majema ta sa laso ya yi wuyar samu, wasu suka koma shimfiɗa leda a ƙarƙashin ƙasa ko shafa kwalta. Soron da aka yi sakaci da shi yana iya ruftawa a lokacin marka, galibi da dare mutane suna barci, kuma irin wannan na jawo asarar rayuka a Arewacin Najeriya.

Kwano ba ya neman hidimar shekara-shekara kamar soro, amma marar kauri yana iya buƙatar sauyi tun kafin mai kauri ya fara tsatsa, kuma kowane sauyi yana zuwa da sabon lada da sabuwar ƙusa. Saboda haka ake auna tsadar rufi da shekarun da zai yi, ba da kuɗin ranar saye kaɗai ba.

Hanyoyin biyan kuɗi

Mafi yawan magidanta ba da bashin banki suke rufi ba. Suna sayar da hatsi ko dabba, ko su shiga adashi, ko su dogara da abin da 'ya'ya da 'yan'uwa masu cin rani suka aiko. Wasu suna sayen kwano bandir ɗaya-ɗaya suna ajiyewa har ya isa, abin da ke kare su daga tashin farashi. Wasu kuma suna rufa ɗaki ɗaya a shekara. A gidan gado, inda magada da yawa ke da haƙƙi, rashin daidaitawa kan wanda zai biya yakan sa a jinkirta gyara har ƙaramin yoyo ya ci bango, aikin da fallaye kaɗan za su isar masa ya koma sabon gini.

Duba kuma

Masarautar Daura
Gine-ginen gargajiya na Hausa
Giginya
Jihar Katsina